Marka ta kwantar mini da ruwa a bedin fulawa: wanne zan tono, wanne zan bari?

Maman Hanifa (Tumfure, Gombe): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka mini. Tun da markar nan ta kama ruwa ya kwanta a bedin fulawar da ke bayan ɗakina, jikin katanga, ya ƙi tafiya. In na taka wajen ƙafata nutsewa take yi har idon sawu. Abin da ke ciki: daliya huɗu da ƙanwata ta kawo mini daga Jos, kaladiyom mai jan ganye, furen da ake kira kana, da kariya ɗaya babba. Daliyar ta yi yaushi alhali a cikin ruwa take tsaye, ganyen ƙasa duk sun yi ɗorawa. Kariyar kuma gindinta ya fara laushi ta gefe ɗaya. Yaron da ke mini shara ya ce in zuba taki za su farfaɗo. In zuba ko in tone su? In na tone dankalin daliyar yaya zan ajiye shi har baɗi? Na kalli bidiyon Turawa, duk maganar sanyi da ƙanƙara suke yi, ban ga ta inda ya shafe mu ba.

Malam Sale mai fulawa (Yelwa, Bauchi): Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki zuba taki, ko ƙwaya ɗaya. Kariyar nan ki fara da ita, yau ɗin nan, kar ki kai gobe. Ki tone ta da duk saiwarta, ki wanke taɓon, ki sami wuƙa mai kaifi ki yi ta yanke inda ya yi laushi har sai kin iso farin nama mai tauri wanda ba ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa a jikinsa. Kada ki ji tausayinta wajen yankan, in kika bar ruɓa ko kaɗan ciki zai ci gaba da ci. Ki barbaɗa toka a bakin yankan ki rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, kamar mako guda, har wajen ya bushe ya yi ɓawo. Sannan ki sa ta a tukunya mai ɓuli da yashi da gutsattsarin gawayi. Ki sa leda a hannu, ruwan jikin kariya guba ne, kar ya shiga ido, kar yara su yi wasa da guntayen.

Ita kuwa kanar ki bar ta inda take, ita ruwa ba ya damunta.

Bilkisu (Gwallameji): Malam Sale ni abin da ke ɗaure mini kai, ta yaya shuka za ta yi yaushi tana cikin ruwa? Tawa ma haka ta yi bara, na ɗauka ciwo ne.

Hamma Buba (Dadin Kowa): Bilkisu, saiwa numfashi take yi. Ƙasa mai kyau ba a cushe take ba, tsakanin ƙwayoyinta akwai ƙananan ƙofofi, wasu ruwa ne a ciki wasu iska. Daga nan saiwa ke samun iskar da take rayuwa da ita. In ruwa ya kwanta ya cike ƙofofin nan, iskar ba ta da hanyar shiga, domin tafiyarta a cikin ruwa ta fi ta sarari jinkiri kusan sau 10,000. Ɗan abin da ya rage kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su shanye shi, kuma a ƙasa mai ɗumi irin tamu kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. Daga nan ƙananan jijiyoyin nan masu kama da gashi, waɗanda su ne ke tsotso ruwa, su fara mutuwa. Shukar tana tsaye cikin ruwa amma ba ta da bakin sha, shi ne yaushin da kike gani. Bayan haka cututtukan ruɓa su shigo, kuma wasu daga cikinsu ƙwayoyinsu iyo suke yi a ruwa daga wannan tushe zuwa wancan, shi ya sa bedi ɗaya ke tafiya gaba ɗaya.

Adda Maman Hanifa, dalilin hana ki taki ke nan. Takin zamani gishiri ne, in ya sauka kan jijiyar da ta riga ta ji rauni ƙone ta zai yi, sauran kuma ruwa ya tafi da shi. Sai kin ga sabon tofo kafin ki yi tunanin taki.

Amma Malam Sale, ban ji ka ce komai kan daliyar ba.

Malam Sale mai fulawa: Ita ma a tone. Daliya ba ta yafe ruwa.

Injiniya Musa (Fadaman Mada, Bauchi): Kowa na maganar shuka, ba wanda ya tambayi daga ina ruwan yake zuwa. Hajiya, ki fita ki tsaya lokacin da ake ruwan ki duba abu uku. Indararon ɗakin a ina yake zuba? Rariyar katangar tana aiki ko ta toshe da leda da yashi? Daɓen simintin tsakar gidan ina ya karkata? Yawancin gidajen da nake shiga, magini ya shafe ko'ina da siminti ya bar ɗan zirin ƙasa a jikin katanga don fulawa, to duk ruwan rufi da na tsakar gida can yake taruwa. Rufin da ya kai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, lita 2,000 ke nan ya sauko, wato durom goma. Ba bedin da zai shanye wannan. Kuma ba fulawa kaɗai ke cikin haɗari ba, gindin katangar ma yana jiƙa, kin san yadda katangu ke faɗuwa a Agusta.

Ki sa a haƙa ɗan lambatu daga bedin zuwa rariya, zurfinsa ya ɗan fi gindin shukar, ya riƙa gangarawa. Ki tara durom a bakin indararon. Bayan damina a juye tifar yashi a gauraya da ƙasar wajen.

Maman Hanifa: Injiniya wallahi ka faɗa daidai, indararo biyu ne ke zuba a wajen. Rariyar kuma maƙwabcinmu ya yi cikon ƙasa a bayan katangar lokacin da ya tayar da gininsa, yanzu bakinta ya nutse.

Malam Habu (Bolari): To a nan sai a bi a hankali. Kada a fasa katanga ta wani wajen a tura wa wani ruwa gida don a ceci fure, haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙarfin nan. Maigida ya sami maƙwabcin su yi magana, in ta kama a sa mai unguwa. A Gombe kuma kowa ya san abin da sakakken ruwa ke yi, kwarurrukan da suka ci gidaje a garin nan daga ƙaramar hanyar ruwa suka faro. A kai shi kwalbatin titi da bututu, kar a sake shi kan ƙasa.

Hamma Buba: Malam Habu ya yi gaskiya. Injiniya, lambatu da durom na yarda da su ɗari bisa ɗari, amma yashin nan ina da ja. In ƙasar wajen laka ce mai danƙo, irin baƙar ƙasar da muke da ita ta wajen nan da kudancin jihar, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, to yashi kaɗan ɓata ta yake yi. Ƙwayar laka ƙanana ce ƙwarai, sai ta shige tsakanin ƙwayoyin yashin ta cike gurbin, in ya bushe abin da za ka samu tubali ne. Kafin yashi ya canza halin laka sai ya kai wajen rabin ƙasar, wannan kuwa ba aikin ƙaramin bedi ba ne. Abin da ke buɗe laka shi ne ruɓaɓɓen abu: takin shanu da ya shekara, ɓuntun shinkafa, ruɓaɓɓen ganye, garin gawayi. Ɓuntu ma kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan ake samunsa a injin casa.

Injiniya Musa: Hamma, mu a wajen aiki da yashi da tsakuwa muke fitar da ruwa, kuma yana fita.

Hamma Buba: Yana fita saboda kuna shimfiɗa shi zalla a cikin rami mai mafita, ba ku cuɗa shi da laka. In haka za a yi a ƙasan lambatun Adda, ba ni da magana. Cuɗawar ce matsalar. Ni a ganina ma kar ta wahalar da kanta da gyaran ƙasar ƙasa. Ta ɗaga bedin sama: jeri biyu na bulo, a bar 'yan ƙofofi a jerin ƙasa, a cika da ƙasar jigawa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ɓuntu kashi ɗaya. Tsawon santimita 30 zuwa 40 sama da daɓe ya wadatar. Manomi bai taɓa shuka dankali a kwari ba, kunya yake yi masa. Mu ne in mun zo fulawa muke haƙa rami mu zuba ƙasa mai laushi a cikin laka, ruwa ya taru a ramin ya rasa hanyar fita.

Wanda ke son ya san halin ƙasar gidansa kafin ya dasa komai: ya haƙa rami zurfin santimita 30, ya cika da ruwa ya bari ya tsotse, ya sake cikawa. In ya kwana ya wuni ruwan na nan, wajen na kana ne da gwazar ado da ayaba, ba na daliya ba.

Adda Zainab (Leeds, Ingila): Salam jama'a, ina ta bin maganar. Maman Hanifa, bari in gaya miki abin da bidiyon nan ke nufi don ki san abin ɗauka da abin bari. Daliya asalinta daga tsaunukan Meziko take, furen ƙasarsu ne ma. Ba ta jure daskarewa. A nan ana dasa ta a Mayu in sanyi ya wuce, ta yi fure tun daga tsakiyar bazararsu har kaka. Wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, daren da raɓa ta fara daskarewa, da safe za ki tarar ganyen ya yi baƙi ƙirin. Sai a yanke karan a bar kamar santimita 15, a tono dankalin da cokalin haƙa a hankali, a kife shi kai ƙasa mako ɗaya ko biyu saboda karan rami ne da shi, ruwa na maƙalewa a ciki. In ya sha iska a jera a kwali da busasshiyar ƙasa ko yashi, a kai gareji inda sanyin yake wajen digiri 5 amma ba ya daskarewa. Ko a nan ɗin ma ba sanyi kaɗai ke kashe shi ba, wanda aka bari a ƙasa mai laka jiƙa ce ke ruɓar da shi.

Abin da za ki ɗauka daga wajensu: kifewar nan, da busarwa a inuwa, da lura da wuya. Kowane ɗan dankali yana haɗe da gindin karan ta wani siririn wuya, idon da zai tsiro kuma a jikin gindin karan yake, ba a jikin dankalin ba. In wuyan ya karye, ko kika ɓalle dankalin ba tare da ɗan yankin gindin ba, zai iya zama da ƙibarsa har ya yi saiwa amma ba zai tofo ba. Ba irin dankalin Turawa ba ne da ke da ido ko'ina.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Adda. Na tone su ɗazu da yamma. Biyu tun kafin su fito wari ya gaya mini, ina dannawa yatsana ya shige, wani ruwa mai yauƙi ya fito, na zubar da su can nesa. Ɗaya rabi da rabi ce, na yanke ruɓaɓɓun, saura 'ya'ya uku masu tauri. Ta huɗun lafiya lau, sai dai dankalin sirara ne kamar yatsu, fatarsu fara sol, ko da farce na taɓa sai ta saluɓe. Kariyar tana rataye a rumfa, na yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na gindin. Rariya kuma maigida ya yi magana da maƙwabcin, za a sa bututu. Yanzu in busar da daliyar in ajiye?

Hamma Buba: A'a Adda, wannan siririyar ba ta ƙosa ba, in kika ajiye ta yanzu ƙanƙancewa za ta yi ta bushe kafin hunturu. Fatar da ke saluɓewa alamar ɗanye ce. Ki bar su su sha iska kwana ɗaya a inuwa, ki rage rabin ganyen tunda jijiyar da za ta ɗauke su ta ragu, ki dasa kowacce a bokiti ko buhu mai ɓuli da sabuwar ƙasa, ba ta bedin ba. Ki ajiye a ƙarƙashin baranda inda take samun hasken safe amma ruwan sama ba ya dukanta. Ban ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe. Wuƙar da kika yi yankan da ita ki wanke ta da ruwan bilic. In akwai reshe mai lafiya ki yanko ɗan tsawon yatsa daga ƙarƙashin gaɓa ki kafa a jiƙaƙƙen yashi, daliya tana kamawa ta reshe, ko uwar ta tafi kin tsira da iri.

Malam Sale mai fulawa: A zuba tsakuwa a gindin bokitin kafin ƙasa.

Hamma Buba: Malam Sale, ka gafarce ni, nan ma ina da ja. Ruwa ba ya son tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika ta tumbatsa. Tsakuwar tana rage zurfin tukunyar ne kawai, jiƙaƙƙen wajen ya matso kusa da saiwa. A yawaita ɓuli, a ɗora tukunyar kan bulo biyu.

Malam Sale mai fulawa: Ɗana Buba, na girme ka a sana'ar nan, da tsakuwa nake yi kuma kayana ba sa ruɓewa. Ɓulin da ba a tare shi da komai ba laka ce ke toshe shi.

Hamma Buba: Baba, ban musa maka ba. Ina jin abin da ke ceton kayanka haɗin ƙasarka ne, na ga yadda kuke zuba ɓuntu da yashin rafi. In don toshewa ce, katanga ɗaya ta fasasshiyar tukunya a kan ɓulin ta isa.

Malam Sale mai fulawa: To kowa ya yi yadda ya ga ya fi masa. Amma ga wadda na san ba za ka ja ba. Kuskuren da masu saye ke yi, suna zuwa Jos da damina su ga daliya ta yi kyau, su ɗauko su dasa a Bauchi ko Gombe a watan Yuni. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, darenta da sanyi ko da yaushe. Mu nan a lokacin ga zafi ga laima, ga Agusta na tafe wanda ya fi kowane wata ruwa. An haɗa mata duk abin da ba ta so. Ni ƙarshen Oktoba nake dasa tawa, in ruwa ya ɗauke, in yi ta ban ruwa da hannu. Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare ke sanyi, nan take yin fure, ruwan da take sha kuma ni ke auna mata. Ba ta tsawo kamar ta Jos, furen ma bai kai girman nasu ba, amma ba ta ruɓewa.

Hamma Buba: Wannan kam ba ja, ita ce ma maganar gaba ɗaya. Haka ake yi a filayen Indiya masu zafi, furen lokacin sanyi ce a can. Gajartar da ka gani kuma saboda rana ce: in wuni ya gaza awa 12 daliya tana saurin yin fure ta tura ƙarfinta ƙasa ta yi dankali. Ga mai son iri wannan riba ce, domin dankalin Fabrairu ya fi na Agusta ƙosawa nesa ba kusa ba. Don haka lokacin ajiyarmu ba hunturu ba ne. Daga Maris yake farawa, ya ratsa bazara da zafin da ke haura digiri 40, ya ratsa damina da laimarta, har Oktoba. Wata bakwai ke nan, ya fi na su Adda Zainab tsawo kuma ya fi wuya, tunda su gareji ke yi musu aikin.

Bilkisu: To a sa a firji mana?

Adda Zainab: In wuta tsayayya ce, aljihun kayan miya na ƙasan firji zai yi wa daliya da giladiyolas, a nannaɗe da jarida. Kar a haɗa su da tuffa ko ayaba, iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa in suna nuna tana lalata tsiron. Amma firjin da ke sanyi yau gobe ya ɗumame gumi yake tarawa, wannan ya fi barinsu a waje muni. Kaladiyom kuma kar ya kusanci firji ko kaɗan, ɗan Kudancin Amurka ne mai son ɗumi, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 15 lalacewa yake yi.

Goggo Dije (Kumo), jikarta ke rubuta mata: Goggo ta ce a gaishe ku duka. Ta ce ita ba ta san daliya ba amma ta san ajiyar irin gwaza da dankali da tumuku tun tana gidan ubanta, kuma duk abin da ke kwana a ƙasa halinsa ɗaya. Ta ce na farko kada a wanke abin da za a ajiye, a bar ƙasar jikinsa ta bushe a kakkaɓe da hannu. Na biyu kada rana ta gan shi, a inuwa ake shanya shi har fatar ta yi kauri. Wanda fartanya ta sara a ware shi daban, a shafa masa toka, kar a haɗa da masu lafiya. Sai a sami tukunyar ƙasa, ba roba ba, ba leda ba, a zuba busasshen yashin rafi, a jera, a barbaɗa toka, a sake zuba yashi, kar ɗaya ya taɓa ɗaya. A rufe da faifai a aza dutse saboda ɓera. Ta ce a kai ɗakin ƙasa in akwai, kusa da randa, kar a kai ɗakin kwano. A ɗora tukunyar kan duwatsu uku a zagaye da toka saboda gara. Duk sabon wata a buɗe a tona da hannu a shinshina, wanda ya yi laushi a fitar, in sun fara yamushewa a yayyafa wa yashin ruwa da yatsu, ba zubawa ba. Ta ce mai ajiye iri ya rufe ya manta da shi bai so irin ba.

Hamma Buba: Allah ya ƙara wa Goggo lafiya. Abin da muka karanta a kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya da ke nan Dadin Kowa bai wuce wannan ba, sai dai a ƙara suna da lamba. Garin katako da ake gani a bidiyo kar a yi amfani da shi a nan, kiran gara ne. Abu ɗaya zan ƙara saboda Maris da Afrilu: tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa tukunyar irin cikin wata babba, a cika tsakaninsu da yashi a riƙa jiƙa shi. Ruwan na bushewa yana janye zafi. Ta cikin ta zauna a bushe, in tana tsattsafo a shafe ta ko a sa irin cikin kwando. Da zarar iska ta juya an fara jin laima a Mayu a daina jiƙawa, domin a lokacin ba ta sanyayawa, sai dai ta jawo funfuna.

Kuma a faɗi gaskiya, ko an yi duk wannan wasu za su mutu. Shi ya sa nake son a riƙe tushe ɗaya a tukunya yana raye a inuwa, a riƙa cirar reshe daga jikinsa in Oktoba ta zo.

Maman Hanifa: Kaladiyom ɗin fa? Shi bai nuna komai ba tukuna.

Malam Sale mai fulawa: Shi ɗan damina ne, yana son laima, kwanciyar ruwa ce dai ba ya so. In lambatun ya janye ruwan ki bar shi. Wajen Nuwamba zai zubar da ganye da kansa, kar ki ce ya mutu, barci ne. Ki daina ba shi ruwa kwata-kwata. In a tukunya yake ki kwantar da ita a gefe a inuwa, ruwan farko na Mayu zai tashe shi. In a ƙasa yake kuma kina ban ruwan wasu a wajen da rani, to ki tone ki yi masa irin ta Goggo, domin mai barci in ana jiƙa shi ruɓewa yake yi.

Bilkisu: Ni kuma wani fure na tono a daji ta hanyar Dass, yana hawa jikin itace da bakin ganyensa, furen ja da rawaya ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Saiwar doguwa ce fara mai reshe biyu. Na ajiye ta a kicin cikin kwandon dankali kafin in sami tukunya.

Sista Rahila (Bauchi): Bilkisu ki tashi yanzu ki fitar da ita daga kicin, don Allah. Gatarin kurege ke nan, kuma saiwarsa guba ce mai kisa. Akwai sinadarin kolcisin a cikinta, mutane sun mutu a ƙasashe da dama saboda sun ɗauka doya ce ko dankali suka dafa. Yana farawa da amai da gudawa bayan 'yan awanni, mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, sannan gaɓoɓin ciki su fara gazawa. Dafuwa ba ta kashe gubar. In wani ya ci a tafi asibiti nan take da ragowar saiwar a hannu, kar a tsaya ba shi madara ko manja ana jira. Ki ƙirga abin da kika tono ki tabbatar duk suna nan. Kaladiyom ma ya yi kama da gwaza, yana ƙone baki da maƙogwaro, yara da awaki ne abin ji. Duk wanda zai bi shawarar Goggo ya rubuta a jikin tukunyar cewa ba na ci ba ne, kuma kar ta zauna a ɗakin da ake ajiye abinci.

Bilkisu: Innalillahi. Na fitar, guda biyu ne kuma duk suna nan, na wanke kwandon da dankalin. Na gode Anti. In jefar ke nan?

Malam Sale mai fulawa: In akwai ƙananan yara ko dabbobi sake a gidan, ki haƙa rami mai zurfi ki binne. In babu, fure ne mai kyau kuma ɗan ƙasar nan ne, ya san damina ya san rani, ba ya buƙatar tukunyar yashi. Ki kwantar da saiwar a kwance, zurfin yatsa, a wuri mai tudu kusa da abin da zai hau. Ki kula da bakin kowane reshe, nan kaɗai idon yake, kuma saurin karyewa gare shi. Da kaka zai bushe ya ɓace, ki kafa ɗan sanda a wajen don kar a sare shi da fartanya lokacin shara.